Minti Goma Sha Biyun Malama

Kawuna bai taɓa makara ba a rayuwarsa, kuma bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Duk wanda ya ce maganar nan ba ta haɗu ba, to bai yi aiki a jami'armu ba ne.

Agogo biyu yake ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu. Na dama yana tafiya daidai da rediyo. Na hagu yana bin agogon hasumiyar Ginin Malama, wanda yake baya da minti goma sha biyu cif. Da na hagu Kawu yake rayuwa, na dama kuwa na baƙi ne, in sun tare shi a hanya sun tambayi lokaci. Ranar aurensa sai da jama'a suka gaji da leƙen hanya, sannan ya iso yana duba hannun hagu yana yaba wa kansa. Mota ta sha barin sa a tasha, ya dawo gida da jakarsa yana cewa direbobin yanzu ba su da haƙuri. Matarsa ta yi faɗa shekara biyu, da ta ga bakinta kawai take gajiyarwa, sai ta koma ɗora tukunya da lokacin Malama, aka zauna lafiya.

Ginin Malama shi ne mafi tsufa a jami'ar. Jan bulo ne, da ginshiƙai shida a gaba, da ƙofar katako wadda sai ka sa kafaɗa take buɗuwa. Wata mata ce ta kafa shi a matsayin makarantar 'yan mata, a zamanin da in ka ce za ka sa 'yarka makaranta sai maƙwabta su fara tambayar lafiyar kanka. Daga baya ya zama kwalejin horon malamai, can kuma jami'a ta tsiro ta kewaye shi da dogayen gine-gine masu gilashi. Sunanta yana saman ƙofa da harufan ƙarfe, biyu ma sun faɗi, amma ba mai kiran ta da shi. Malama kawai ake cewa. Hotonta yana rataye a zaure: gajeriyar mata da tabarau, tana kallon duk mai shigowa kamar ta san bai yi aikin gida ba. A gefen ƙofa kuma akwai wani allon tagulla da aka rubuta: "A cikin wannan gini, lokaci shi ne abin da agogon hasumiya ya faɗa." Kawu ne yake goge shi duk ranar Alhamis.

Aikinsa na gaske yana sama. Kullum da sassafe yakan hau matakala sittin da huɗu, ya ɗaure agogon da wani mabuɗi mai tsawon ludayi, ya ɗiga masa mai, ya kunna ƙaramar rediyonsa ya jira labarun ƙarfe bakwai. Da an ce bakwai, sai ya kama dogon hannun agogon ya ajiye shi a bakwai saura minti goma sha biyu. Agogon yana da ɗan gudu, kullum sai ya ci minti ɗaya, don haka dole a dawo da shi hanya kowace safiya. Ranar da Kawu ya karɓi aikin, tsohon mai agogo ya miƙa masa mabuɗin ya ce, "Sha biyu baya, kullum. Kada ka ƙara, kada ka rage." Kawu ya ce to. Bai tambayi dalili ba, tsohon ma bai faɗa ba, bayan shekara ɗaya kuma ya rasu da dalilinsa. Haka Kawu ya yi shekara talatin da ɗaya.

Ba wanda abin ya dama. Ɗalibai suna sa masa albarka ranar jarrabawa. Malamai suna ƙarasa shayinsu a natse. In aka ce taro ƙarfe tara, sai a tambaya, "Tara ta gari ko ta Malama?"

Ni sakatariya ce a ofishin Magatakarda, shekara goma sha ɗaya ina buga takardun da ba mai karantawa, saboda haka a gabana aka yi komai. Aka kawo mana sabon Daraktan Ayyuka, dogo mai wayoyi uku, wanda ko gaisuwa yake yi sai ya duba agogo. A makonsa na farko ya kira taron ma'aikata a zauren Ginin Malama ƙarfe tara. Aka aro ni in rubuta abin da aka tattauna. Tara ta gari na yi ya kulle ƙofa, ya juyo ya ga kujeru arba'in da ni kaɗai. Na ce masa, "Yallaɓai, da dai a ɗan jira." Ya ce shi ba ya jiran kowa. Ya buɗe takardarsa ya karanta wa kujerun nan jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci, ni kuma ina rubutawa, don aikina ke nan. Yana cikin shafi na uku agogon ya buga tara, mutum arba'in suka iso gaba ɗaya suka tarar da ƙofa a kulle. Suka tsaya a taga suna kallon sa, har da masu shara, suna dariya.

Mutum yakan yafe zagi, amma da wuya ya yafe dariyar masu shara. Kafin azahar ya binciko mai agogo, ya kuma zana masa takardar tuhuma da hannunsa. Ni aka ba in buga. Wallahi hankalina ba ya kan takardar, har na rubuta "agogo" da "o" huɗu.

Takardar ta ce Kawu ya mayar da agogon hukuma baya da gangan sau dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da 'yan kai. Darakta ya zauna ya ninka wannan da goma sha biyu, ya gano cewa Kawu ya salwantar wa jami'a da kwana casa'in da huɗu. An ba shi kwana uku ya bayyana gaban kwamiti a zauren Ginin Malama, ƙarfe goma daidai, ya kawo dalili. In bai zo a kan lokaci ba za a yanke hukunci a bayansa. In ba shi da dalili, kora, a kuma cire agogon a kafa na lantarki mai jajayen lambobi.

Ni na kai masa. Na same shi a gindin matakala yana wanke tsummansa. Ya karanta sau biyu, ya ɗago ya ce, "'Yar nan, kwana casa'in da huɗun nan, ina aka ce na kai su?"

Na ce, "Kawu, ba wannan ba ne. Dalili ake so."

"An ce sha biyu baya."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya ba ni mabuɗin."

"Shi kuma wa ya ce masa?"

Ya sake duban takardar. A nan na ga tsoro a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba, sai tausayinsa ya kama ni har na daina jin haushi. Saura wata uku ya yi ritaya. Akwai wani bango a bayan zauren da ake rataye hotunan tsofaffin ma'aikata waɗanda suka gama lafiya, kuma Kawu ya riga ya ɗauki nasa hoton tun bara, ya ɗaga hannu biyu don agogunan su fito. Ya ma zaɓi ƙusar da za a rataye shi. Bai tara komai a duniya ba sai wannan: a ce ya riƙe amana. Yanzu kuma za a sallame shi da takardar ɓarawon kwanaki.

Na ce jami'a ce, cike take da masana, mu je mu tambaya. Muka fara da Farfesan ilimin ƙasa. Ya yi murna ƙwarai, ya ɗauko ƙwallon duniya ya yi ta juyawa, ya zana mana layuka a allo minti arba'in, daga ƙarshe ya ce ginin ya ɗan karkata yamma ne. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ɗakin cin abinci ya fi shi yamma, kuma agogonsa daidai yake." Farfesa ya ce wannan sai an yi bincike.

Farfesan tarihi ya ce ba shakka lokacin da Malama ta cika ke nan, aka bar shi don tunawa. Na ce agogon ai tafiya yake yi, ba tsaye yake ba. Ya harare ni ya tambayi matakin karatuna. Na ukun, masanin falsafa, ya jingina da kujera ya tambayi Kawu me yake nufi da "lokaci". Kawu ya nuna masa hannun hagu. Masanin ya ce to me yake nufi da "hannu". Muka fito Kawu yana dafe da kai, ni kuma ina Allah wadai da duk wanda ya ƙirƙiro digiri.

Ana gobe zaman kwamiti, da yamma, na bi shi gida. Kakata, mahaifiyarsa, a wurinsa take zaune. Tela ce a da, yanzu ta haura tamanin da biyar, amma har gobe ita take zura zare a allura ba tabarau. Mun san ta yi karatu a makarantar Malama tana yarinya, don ita ce mai karanta mana takardar cikin kwalin magani da ƙarfi, har da sunan kamfani. Sai dai Kaka tana da labarai da yawa, mu kuma kunnuwanmu sun koyi rufe kansu. Bai taɓa zuwa a ran ɗayanmu ba cewa abin da ya gagari farfesoshi uku yana zaune a tsakar gida yana ɗinke matashin kai.

Ta dubi Kawu ya tasa abinci a gaba bai taɓa ba, ta ce da ni, "Ke Mai baki, me ya sami wannan?"

Na ba ta labari. Na ce an ce ya kawo dalilin minti goma sha biyu, shi kuma bai sani ba.

Allurar ta tsaya. Ta ce, "Bai san me ba?"

"Dalilin, Kaka."

Ta juya ta dube shi sosai. "Kai, shekara talatin da ɗaya kana hawan benen nan, ba ka san don me ba?"

Ya ce, "Inna, ba a gaya mini ba."

Ta ajiye ɗinkin a cinya. Ta ce a lokacinsu hukumar makarantar maza tara ne masu tumbi, kuma ba ɗaya a cikinsu da yake so makarantar ta kai baɗi. Suka kafa doka cewa duk yarinyar da ta makara sau uku bayan ƙarfe takwas, a mayar da ita gida, ba dawowa. Sun san abin da suke yi, don yaran unguwar bayan layin dogo ba sa fitowa sai sun ɗebo ruwa, famfon kuma ɗaya ne, ana kulle shi takwas daidai. Malama ta roƙa a sassauta, suka ƙi. Sai ta ce to, tunda doka ake so, a ƙara da cewa agogon hasumiya ne alƙali. Suka ji daɗi, suka ce matar nan ta fara hankali, har suka sa aka buga a tagulla.

"Ni ce ƙarama a layin famfo," in ji Kaka, "kullum ni ce ta ƙarshe. Ƙafafuna kamar na agwagwa. Na makara sau biyu. Rana ta uku na ajiye bokiti a ƙofar gidanmu, nan jikin famfon, na juyo ina kuka zan ruga, sai na gan ta tsaye da agogo a tafin hannu. Ta ce, 'Kada ki yi gudu. Yi tafiyarki yadda kika saba.' Na yi gaba tana bi na a baya. Ashe tun jiya ta auna hanyar da wata yarinya ta samu minti tara, ta ce ba ta yarda ba, sai ta auna da mai gajeren ƙafa. Da muka kai ƙofa ta duba, ta ce sha biyu. Ta tsayar da ni a waje, ta tattare zaninta ta hau benen nan da kanta. Ina tsaye na ga dogon hannun yana komawa baya. Ta sauko tana haki, ta kama hannuna muka shiga, agogo ya buga takwas. Ta ce, 'Kin gani, ba ki makara ba.'"

Na ce, "Kaka, duk surutunki, me ya hana ki ba mu wannan?"

"Wa zai tsaya yana tallan gajeren ƙafarsa?" Ta sake duban Kawu, muryarta ta sauka. "Ranar da ka zo ka ce an ba ka aikin agogo, na shiga ɗaki na yi kuka. Na ɗauka tsohon ya gaya maka. Na ɗauka saboda ni kake yi."

Kawu ya ture kwanon abincin gefe. Mutum mai furfura, ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan agogon hagu. Ni ma dai na ce hayaƙin murhu ne.

Washegari ya hau ya gyara agogonsa kamar kullum, ya ce in za a kore shi, a kore shi da aikinsa a kammale. Sannan ya koma ɗauko Kaka a tasi. Ni ina zaure da littafina. Magatakarda, mace mai magana a hankali kamar tana ƙirga kalmomin, ita ce shugabar zama. Darakta ya jera wayoyinsa uku a tebur. Farfesoshin nan ma sun zo, kowa da fayil.

Goma saura kwata ta gari na hango tasi ta tsaya can nesa, wajen shagon masu buga takardu, inda famfon yake a da. Kaka ta fito da sandarta. Daga baya na ji cewa ta ce ita ba ta taɓa shiga ginin nan a mota ba, kuma ba yau za ta fara ba. Kawu yana ta roƙo yana nuna mata hannu biyu, ita kuwa ta kama hanya, taku ɗaya, hutu ɗaya. Ta tsaya ta gaida mai yankan ciyawa. Ta tsaya ta karanta wata sanarwa a jikin bishiya, da ƙarfi na tabbata.

Wayoyin Darakta suka yi ƙara tare. Ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙarfe goma. Wanda ake tuhuma bai zo ba. A rubuta."

Na ce birona ya ƙi. Ya miƙo nasa. Na ce wannan shuɗi ne, da baƙi ake rubuta hukunci.

Magatakarda ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Darakta, wa ya zaɓi wurin zaman nan?"

"Ni ne."

"To leƙa ka karanta mana allon da ke bakin ƙofa."

Ya leƙa, ya karanta, ya dawo fuska a murtuke. Ya ce ai agogon shi ne ake tuhuma. Ta ce haka ne, amma ba a yanke masa hukunci ba tukuna, don haka har yanzu yana bakin aiki. Masanin falsafa ya ce wannan batu ne mai zurfi. Ba wanda ya kula shi, don duk mun koma taga.

Ban taɓa ganin minti goma sha biyu masu gajarta irin waɗannan ba. Kaka tana gindin matakalar shiga agogo ya fara bugawa. Ɗaya. Biyu. Kawu ya durƙusa zai goya ta, ta ɗaɗa masa sanda a baya. Biyar, tana hawa ta uku. Farfesan ilimin ƙasa yana ihu, "Taho, Inna, taho!" Farfesan tarihi ya sa kafaɗa ya danne ƙofar. Takwas, ta tsaya gyara mayafi, na ji kamar in mutu. Tara. Ta ɗaga ƙafa, ta sauke ta a cikin zaure, na goma ya buga.

Ta tsaya tana numfashi, ta dubi kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ban makara ba ko?"

Magatakarda ta miƙe tsaye ta ce, "Ba ki makara ba, Inna." Ta ba ta kujerarta.

Kaka ta maimaita labarin, ta ƙara da wasu uku da ba a tambaye ta ba. Farfesan tarihi yana rubutu da sauri, yana cewa dama abin da yake shirin ganowa ke nan. Darakta ya yi ƙarfin hali ya ce duk wannan ya wuce, yanzu ba mai ɗiban ruwa kafin lacca. Magatakarda ta tambaye shi ko ya taɓa tsayawa bakin ƙofar nan ranar jarrabawa, ya ga matan da ke sauka daga mota da gudu bayan sun kai yara makaranta. Ya ce bai taɓa ba. Ta ce ya gwada. Ya tambayi makomar kwana casa'in da huɗu. Kaka ta ce, "Suna wurina, ɗana. In kana so ka zo ka karɓa."

Aka wanke Kawu, aka bar agogo yadda yake. Don kada Darakta ya tashi hannu wofi, aka yarda ya kafa na lantarkinsa a ofishinsa, inda agogon yake ta ƙifta ƙarfe sha biyu duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Hoton Kawu kuma yana kan ƙusar da ya zaɓa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a wannan rana, da muka zo fita ne. Kaka ta ja birki a gaban hoton Malama. Ta daɗe tana kallon ta, sannan ta kamo hannun rigar Kawu ta jawo shi gaba, kamar yadda ake kai yaro ajin farko.

Ta ce, "Malama, ga shi nan, nawa ne. Ba shi da wayo sosai, bai ma san don me yake yi ba. Amma ko rana ɗaya bai yi fashi ba."

Kawu ya ce, "Yanzu na sani, Inna."

Ya sunkuya yana duba agogon hagu, ya daɗe yana dubawa, alhali ba wanda ya tambaye shi lokaci.